Filin Mata: In Ɗiyarki Ta Fi 'Yan Ajinta Lissafi

 

A makon nan na sami takarda daga wata uwargida ta Wurogauri, wadda ta roƙa kada a faɗi sunanta. Ga abin da ta ce a taƙaice. Tana da ɗiya mai shekara 11, wadda ke zaune wurin gwaggonta a birni, tana karatu a wata makarantar kuɗi. Yarinyar ta shiga ƙaramar sakandare tana da shekara 10, gama daga aji biyar na firamare aka ɗauke ta, ba ta zauna aji shida ba. Yanzu tana gab da gama aji ɗaya. In malami ya rubuta lissafi goma a allo, kafin ya karkaɗe alli daga hannunsa ta gama, sa'an nan ta shiga surutu da na kusa da ita, har ta kan sha bulala saboda haka. To, shugaban makarantar ya aiko wa ubanta cewa a yarda su wuce da ita aji uku baɗi, a tsallake aji biyu. Maigida ya yi murna, don za a huta da kuɗin makaranta na shekara guda. Kakar yarinyar ma ta yi murna, ta ce gara a gama bokon nan da wuri. Uwar ce kaɗai hankalinta bai kwanta ba, shi ya sa ta tambaya.

Madalla da wannan tambaya, 'yar'uwa. Na tabbata akwai mata da yawa a ƙasar Gwandu da Kalgo waɗanda ke da irin wannan damuwa. Amsata ita ce kada a tsallakar da yarinyar nan. Amma kuma kada a bar ta zaune tana hamma a aji, gama wannan ma cuta ce. Bari in kawo dalilai.

Kowa da allonsa

Kowace a cikinmu ta zauna makarantar allo. Ku tuna yadda a ke yi. Yara arba'in suna gaban malami guda, amma kowa da allonsa. Wannan tana babbaƙu, waccan tana izu biyu, wata kuwa ta kusa sauka. Mai kaifin kai ta kan biya ta wanke allo sau biyu kafin ƙawarta ta wanke sau ɗaya, malam kuwa ba ya cewa ta jira sauran. Amma kun taɓa jin malamin da ya ce wa almajira, tun da kanki na ja, tsallake sura uku? Faufau. A kan bar ta ta yi sauri iyakar ƙarfinta, amma sai ta bi ta kan kowace aya.

A makarantar boko kuwa allon bango guda ne, darasi guda, ga yara cike da ɗaki. Malami ya kan auna tafiyarsa da matsakaita. Mai sauri ta gama ta rasa abin yi, mai nawa kuma a bar ta a baya. Sa'ad da mai saurin ta fara damun aji, hanya mafi sauƙi ga makaranta ita ce a tura ta gaba a huta. Abin da ya kamata mu roƙa wa 'ya'yanmu shi ne dabarar makarantar allo, watau a ba yarinya aiki daidai ƙarfinta ba tare da an ƙetare kome ba.

Abin da ke cikin aji biyu

Tun 1982 aka soma tsarin da ya raba sakandare gida biyu, ƙarama shekara uku, babba shekara uku, bayan shekara shida ta firamare. Lissafin firamare yawanci ƙidaya ne, da tarawa, da ɗebewa, da sau, da rabawa. Yarinya mai saurin hadda ta kan yi fice a nan, musamman wadda ta saba ƙirga canji a gida. A ƙaramar sakandare kuwa lissafi ya kan sake kama. A aji ɗaya da aji biyu ne a ke shiga zurfin kashi-kashi, da kashi cikin ɗari, da lambobin da ke ƙasa da sifiri, waɗanda za mu iya kira lissafin bashi. A nan kuma a ke sabawa da aljabara, inda a kan sa harafi a madadin adadin da ba a sani ba. A aji uku sai a kawo lissafin da ke da abu biyu ɓoyayyu a lokaci guda. Wadda ba ta ƙware da neman abu ɗaya ba, yaya za ta nemi biyu?

Lissafi kamar ginin ɗakin ƙasa ya ke. In mai gini ya ɗora sabon tubali bisa wanda bai bushe ba, da rani ba a ganin kome, sai damina ta zo. Yarinyar da ta tsallake aji biyu tana iya cin jarrabawar aji uku da ƙarfin hadda, kowa ya yi ta yabo. Ramin ba ya bayyana sai a babbar sakandare, sa'ad da ta tarar da lissafin da hadda ba ta isa. A lokacin ne za ku ji wadda ke zuwa ta ɗaya jiya tana cewa ita lissafi ba nata ba ne. Alhali kuwa duk mai son likitanci, ko aikin jinya da ungozoma, ko injiniya, tilas ne ta ci lissafi da kyau a jarrabawar WAEC ko NECO. Mu kuwa mun san yadda mu ke marmarin samun mace 'yar'uwarmu a ɗakin haihuwa.

Mu ƙirga shekaru

Yanzu bari mu yi wa maigida lissafin shekarar nan da ya ke so ya rage. Yaron da ya shiga firamare da shekara 6 ya kan gama da 12, ya gama ƙaramar sakandare da 15, babba da 18. A 2024 an yi ta muhawara a ƙasar nan a kan shekarun shiga jami'a, har aka ambaci 18, daga baya gwamnatin tarayya ta tsaya a kan 16. A 2025 hukumar JAMB ta ce wanda bai kai 16 ba, ba za a ko duba maganarsa ba sai ya ci maki 320 cikin 400, sa'an nan a sake gwada shi.

Ɗiyar mai takardarmu ta shiga sakandare da shekara 10. In ta bi aji-aji za ta gama da 16, daidai ƙofa. In an tsallakar da ita za ta gama da 15, ta dawo gida ta zauna shekara guda tana jira. Ashe shekarar da aka rage a makaranta za a biya ta a tsakar gida. Mu mata kuwa mun san abin da kan biyo baya in budurwa ta gama makaranta ta zauna ba ta zuwa ko'ina. Masu sallama za su fara zuwa zaure, kaka ta sami bakin magana, littattafai su koma ƙarƙashin gado. Aure alheri ne, kowace uwa tana fatan ganin na ɗiyarta. Amma ya kamata iyaye su tsai da lokacinsa da shawara, kada zaman jira ya tsai da shi. Ga jami'a ta zo mana har ƙofar gida: Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013, mazauninta na kan hanyar Kalgo zuwa Bunza, ga kuma ta kimiyya da fasaha a Aliero tun 2006. Abin baƙin ciki ne yarinya mai kai irin wannan ta tsaya a bakin ƙofa don an yi mata gaggawa. Sauri ya kan haifi nawa.

Abin da za a roƙi malami

Maigida ya tafi makarantar, ko ke da kanki in ya yarda, ko gwaggon da ke riƙon ta. A gai da malamin lissafi da ladabi, a gode masa da ya lura da yarinyar, sa'an nan a roƙe shi ɗayan abubuwan nan.

Na fari, ta zauna a ajinta, amma a canja mata aiki. In ta nuna ta iya darasin yau da lissafi uku, kada a ƙara mata ashirin irinsu, gama wannan horo ne. A ba ta biyu masu wuya daga ƙarshen babi, irin waɗanda a kan rubuta da zance, a kuma ce ta bayyana dalilin amsarta da baki.

Na biyu, ta wuce gaba a lissafi kaɗai. In lokutan darasi sun yi daidai, ta je ta zauna da 'yan aji na gaba a darasin lissafi, ta komo ajinta a sauran darussa. In ba su yi daidai ba, malami ya ba ta littafin aji na gaba ta riƙa bi babi-babi, yana duba mata sau ɗaya a mako. Wannan ita ce hanyar wanke allo da wuri.

Na uku, a shirya ta gasa. Cibiyar Lissafi ta Ƙasa da ke Sheda kusa da Abuja ta kan shirya gasar lissafi ta 'yan sakandare, akwai kuma ta Cowbellpedia da a kan nuna a talabijin. Ko ba ta kai ko'ina ba, tambayoyin gasa za su nuna mata cewa akwai lissafin da zai sa ta gumi.

Wani malami zai ce a sa ta ta riƙa koya wa 'yan ajinsu. Wannan yana da kyau kaɗan, gama mai koyarwa ya kan ƙara ganewa. Amma kada a mai da ita ƙaramar malama kullum, ita ma ta zo neman ƙari ne.

Kada ku zaci mu kaɗai ke fama da wannan. A birnin San Faransisko na Amurka, a 2014 hukumar makarantu ta hana koyar da darasin aljabara a aji takwas, watau kwatankwacin aji biyu na ƙaramar sakandarenmu, don kowa ya tafi tare. Iyaye suka yi ta ƙorafi cewa an danne masu ƙoƙari, masu hali kuma suka riƙa biya a koya wa 'ya'yansu a waje. A 2024 hukumar ta yarda a mai da darasin. Ku duba, su ma sun gane cewa riƙe mai sauri ba ya ɗaga mai nawa.

Abin da uwa za ta yi a ɗakinta

Wata za ta ce, ni da ban wuce firamare ba, me zan koya mata? Uwargida, kin fi sanin lissafi bisa yadda ki ke zato. Ke ke riƙe adashin unguwa, ke ke auna mudun da zai kai gida ƙarshen wata.

Ki ce mata: na aiki yaro ya sayo shinkafa mudu 3, ya biya kuɗin babur naira 500, duka ya kashe naira 8,000, nawa mudu? In ta ce 2,500, ta yi aljabara ke nan. Sai ki ce ita ma ta ƙirƙiro miki irinsa.

Ki ɗauko mata zakka. Hatsin da ruwan sama ya shayar a kan fid da ɗaya cikin goma, wanda aka sha wahalar ban ruwa kuwa ɗaya cikin ashirin. In an sami buhu 60 a gonar damina, buhu 60 kuma a fadamar da aka yi wa ban ruwa da inji, nawa za a fitar a kowace, me ya sa suka bambanta?

Ki ɗauko mata gado, gama babu makarantar kashi-kashi da ta fi shi. A ce mutum ya rasu ya bar mata ɗaya, da uwarsa, da ɗa namiji guda, dukiya kuwa naira 240,000 bayan an biya bashi. Matar tana da tumunin takaba, watau ɗaya cikin takwas, naira 30,000. Uwa tana da sudusi, ɗaya cikin shida, naira 40,000. Saura 170,000 na ɗan ne. Ki tambaye ta, don me malaman gado kan fara raba irin wannan dukiya gida 24? In ta gano cewa 24 ce lamba mafi ƙanƙanta da 8 da 6 duka ke raba ta ba saura, to, ta kama darasin aji ɗaya da hannunta. Rabon gado na gaske aikin malamai da alƙalai ne, wannan na motsa ƙwaƙwalwa ne kurum. Amma ku sani littafin da aljabara ta samo sunanta daga gare shi, wanda Alkawarizmi ya rubuta a Bagadaza wajen shekara ta 820, babban sashe nasa a kan lissafin gado da wasiyya ne. Mu kuwa da ke ƙasar Malam Abdullahi ɗan Fodiyo na Gwandu, ilmin nan ba baƙo ba ne a gidajenmu.

Ga kuma wani wasa. Ta zana gida tara, uku-uku, ta zuba lambobi daga 1 zuwa 9, yadda kowane layi, a kwance da a tsaye da a karkace, zai ba da 15. Wannan shi ne hatimi, kuma lissafi ne zalla in an ɗauke shi haka. Wani malami Bafillace na Katsina, Muhammadu ɗan Muhammadu, ya rubuta littafi da Larabci a 1732 a kan hanyoyin tsara irinsa, ya rasu a Alƙahira a 1741. In ta gama, ki tambaye ta don me tilas 5 ce za ta zauna a tsakiya. Wannan tambayar za ta riƙe ta kwana biyu, surutu kuwa zai ragu.

Abu ɗaya kuma, uwargida, wanda ya fi duka. Ki ba ta lokaci. Yarinyar da ta dawo makaranta ta ɗauki tulu, ta ɗauki talla, ta goyi ƙane har isha'i, ba ta da inda za ta sa lissafi. Rabin sa'a bayan la'asar, da fitila mai kyau da dare, sun fi tsallaken aji amfani.

Makarantun da ke karɓar masu ƙoƙari

Ga masu ƙananan 'ya'ya da ba su gama firamare ba tukuna, ku san akwai Kwalejin 'Yan Mata ta Gwamnatin Tarayya a Gwandu, wadda a ke shiga ta hanyar jarrabawar da NECO ke shiryawa kowace shekara. Akwai kuma makarantar yara masu baiwa ta tarayya a Suleja, wadda aka kafa a zamanin mulkin Janar Ibrahim Babangida, ita ma da tata jarrabawar. Ku tambayi hedimasta lokacin rajista tun yarinya tana aji biyar. Na san tun abin da ya faru a kwalejin tarayya ta Birnin Yauri a 2021 iyaye da yawa ke ɗari-ɗari da makarantar kwana, ba kuwa za a ga laifinsu ba. Kowane gida ya auna da kansa. Amma in za a kai yarinya kwana, gara ta je da shekarunta cikakku, ta iya wanki, ta iya tsare kayanta, ta iya cewa a'a. Wannan ma dalili ne na barin ta ta zauna aji shida.

Yaushe tsallake ya ke da kyau?

Ban ce tsallake aji haramun ne ba. Akwai yarinyar da aka sa makaranta a makare, tana da shekara 14 tana aji ɗaya, ta fi kowa tsawo ta fi kowa ƙoƙari. Irin wannan, tsallake na iya zama abin da zai sa ta gama. Akwai kuma mai baiwa ta ban mamaki, wadda a kan daɗe ba a ga irinta ba. Kafin a yarda, a yi abu uku. A ba ta takardun jarrabawar ajin da za ta tsallake, na dukan zango uku, a kowane darasi, har da Turanci, gama da Turanci a ke rubuta tambayoyin lissafi. A ƙirga shekarar da za ta gama. Sa'an nan a tambaye ta ita kanta, ba a gaban ubanta ba, ko tana so ta rabu da ƙawayenta ta zauna cikin waɗanda suka girme ta. In ɗaya daga cikin ukun nan ya ƙi, a fasa.

Kada kuma a manta da 'yar'uwarta wadda lissafi ke ba wuya. Ita ma nata allon ta ke bukata. In tana aji biyu amma sau bakwai na kā da ita, a koma a gyara sau bakwai ba tare da gori ba. Kada a riƙa cewa, dubi ƙanwarki. Gori bai taɓa koya wa kowa lissafi ba.

Ku kuma 'yan makaranta

'Ya'yana, ku saurara. Gama lissafi kafin kowa abin yabo ne, amma wadda ta iya bayyana dalilin amsarta ta fi. Maryam Mirzakhani ta ƙasar Iran, mace ta farko da ta sami lambar Fields a 2014, wadda masana lissafi ke ɗauka babbar daraja, an san ta da daɗewa a kan tambaya guda tana juya ta. A nan gida Grace Alele-Williams ta sami digirin digirgir a fannin koyar da lissafi a 1963, ta zama mace ta farko da ta shugabanci jami'a a Nijeriya, a Benin, a 1985. In kin gama aikinki a aji, kada ki juya ga ƙawarki. Ki buɗe ƙarshen babi, ki nemi wanda ya fi wuya, ki ɗaga hannu ki ce, Malam, a ƙara mini.

Ga naku na wannan mako. A wani gida akwai kaji da awaki. An ƙirga kawuna an sami 20, an ƙirga ƙafafu an sami 56. Kaji nawa ne, awaki nawa? Kada ku aiko da amsa kaɗai, ku rubuta yadda kuka yi kuka same ta, da sunan makarantarku da ajinku. Wadda bayaninta ya fi fita sarai, za mu buga shi a filin nan.

Allah ya yi wa 'ya'yanmu albarka, ya ba su ilmi mai amfani. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.